"Malam, ta ƙi yi": kurakuran da aka fi yi wajen ɗora kwamfaila

Duk farkon zangon karatu sai ɗalibai sun cika mini shago a Yelwa, kowa da laftof a hammata, kuma kukan iri ɗaya ne: "Malam, ta ƙi yi." Idan na duba, galibi laftof ɗin lafiyarta ƙalau. A kayan aikin da aka ɗora mata matsalar take.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar wurin rubutu a matsayin kwamfaila. Kwamfaila tafinta ce, ita ke juya abin da ka rubuta da C ko C++ zuwa yaren da na'ura ke ji. VS Code kuwa, wadda Microsoft ta fitar a 2015, allo ne kawai na rubutu, ba ta zuwa da tafinta a ciki. Wani yaro daga Gwallameji ya yi kwana biyu yana goge ta yana sake ɗorawa, datarsa ta ƙare, har ya fara zargin wanda ya sayar masa da laftof ɗin. Na buɗe Command Prompt, baƙin allon nan, na rubuta gcc --version. Windows ta ce ba ta san wannan sunan ba. Na ce masa, "Ƙanena, ka kawo allo da tawada ka bar malamin a gida." Gyaran shi ne a sauke manhajar MSYS2, a ɗora kwamfailar GCC ta cikinta, sannan a saka adireshin jakar GCC mai suna bin a PATH, wato jerin wuraren da Windows ke leƙawa idan aka kira sunan wata manhaja. A rufe baƙin allon a sake buɗewa, a gwada. In lambar siga ta fito, an wuce wurin.

Wanda bai son wannan zagaye ya ɗauki Code::Blocks, wata manhajar rubuta C da C++, amma ya lura da sunan fayil ɗin. Mai kalmar mingw a ciki shi ke zuwa da kwamfaila, ɗayan fanko ne. Masu Python kuma akwai ɗan akwati a ƙasan shafin farko na ɗorawa, mai maganar PATH, wanda saurin danna Install kan sa a tsallake shi. Masu Java, JDK ake nema, wato kunshin kayan aikin rubuta Java. JRE gudanar da manhaja kawai take yi, babu javac, kwamfailar Java, a cikinta.

Sai Turbo C++, tsohuwar kwamfaila wadda ta ƙi mutuwa. Borland ta fitar da ita a 1990 don DOS, tsohon tsarin da ya riga Windows, tun kafin a tsayar da ƙa'idar C++ ta farko a 1998. Windows mai 64-bit ba ta iya gudanar da ita sai an lulluɓe ta cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS. Duk da haka tana yawo daga filas zuwa filas, saboda tsofaffin takardun darasi cike suke da iostream.h da clrscr() da void main(). Ɗalibi zai haddace waɗannan, ranar da ya kai su gaban GCC ta watsa masa jan rubutu ya rasa inda zai sa kansa. In malaminka ya ce sai ita, yi masa aikinsa da ita, ba na haɗa ka faɗa da mai ba ka maki. Amma ka ajiye sabuwar kwamfaila a gefe don karatun kanka. Haka Dev-C++ mai lamba 4.9.9.2, tun 2005 take.

Akwai kuma ɗora wa jaki kayan raƙumi. Visual Studio daban, VS Code daban, sunan ne ya yi kama. Ta farkon kan cinye gigabait da yawa, ga data ga wuri. Android Studio, ta masu haɗa manhajar waya, ba ta sakewa a ƙasa da RAM 8GB. Laftof ta hannu mai 4GB da tsohon faifai mai juyawa, in ka ɗora mata su, fanka ce za ta yi ta kuka, batiri ya zube kafin a dawo da wuta. Thonny ta ishi mai koyon Python, Geany ko Code::Blocks ta ishi mai C. In ɗan kuɗi ya shigo, a fara da SSD, sabon faifai mai sauri, kafin a yi tunanin sabuwar laftof.

Abin da ke ba ni haushi shi ne biyan kuɗi a ɗora maka manhajar sata, alhali GCC da Python da VS Code da Visual Studio Community duk kyauta ne a shafukan masu su. Ka biya, a ba ka tsohuwa, wani lokaci har da cutar kwamfuta a matsayin gyara.

Mai Windows 7 ya sani cewa Python 3.8 ce iyakarsa, daga 3.9 ba ta hawa. Kuma kafin ka sa laifi a kan kwamfaila, sa Windows ta nuna maka wutsiyar sunan fayil. Makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini gwaji.c da ya ƙi tafiya, ashe gwaji.c.txt ne, a Notepad ta ajiye shi.