Gorar Roba Ta Isa Auna Ruwan Sama

Ɗalibai masu neman ƙarin maki a darasin yanayi, kada ku kashe kuɗi wajen sayen ma'aunin ruwan sama, domin gorar roba mai miƙaƙƙen jiki ta ishe ku.

Ku yanke samanta, ku kifa shi a ciki ya zama mazurari, ku zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita. Ku zuba ruwa ya rufe tsakuwar, ku sa alamar sifili a nan, ku manna rula daga alamar zuwa sama. Kowace safiya, a lokaci guda, ku karanta ku rubuta, sannan ku rage ruwan ya koma sifili.

Tunda faɗin bakin mazurarin da na jikin gorar ɗaya ne, tsayin ruwan da ya taru shi ne zurfin ruwan da ya sauka, kuma milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. A ganina, malami ya fi daraja alƙaluman da ɗalibi ya tara da hannunsa a kan waɗanda ya kwaso a intanet.

Wurin ajiya kan ɓata aikin. Ni kusa da indararo na fara ajiye tawa a Tudun Wada, na wayi gari ta cika maƙil, ranar ta tafi a banza. Ku nemi fili, nesa da bango da bishiya. Dabarar ta damina ce, musamman Agusta da Satumba. Da hunturu kuwa, sai ku koma rubuta nisan da ido ke iya hangowa cikin hazo.