Darasi na 7: Haɗa takin rami tun da rani

Manomin Giwa, Soba ko Lere ya san gonar da ta gaji tun bai sa mata fartanya ba. Ƙasarta takan yi fari-fari, ta ƙanƙame kamar daɓe, ruwan farko ya bi ta kanta ya wuce, wuta-wuta kuma ta mamaye dawa da masara. Ku ɗebo ƙasar gindin gawo ko ta inda shanu suka yi makwanci ku gwada ta da ƙasar waccan gona a tafin hannu. Wannan baƙa ce, tana marmashewa, tana ƙamshin yayyafi, wani lokaci har da tana a ciki. Abin da ya raba su shi ne ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke cin sa, waɗanda ido ba ya gani. Takin buhu yana ciyar da shukar bana, amma ba ya wadatar da waɗannan halittu. Abincinsu shi ne takin da za mu koyi haɗawa.

A Kaduna ruwa yakan zauna a watan Mayu zuwa farkon Yuni, taki kuma yana son wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Saboda haka a fara a Fabrairu.

Rami da kayan haɗi

A zaɓi inuwa kusa da rijiya, domin taki yana shan ruwa ƙwarai, iskar hunturu kuma tana busar da shi da wuri. A haƙa rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, zurfin mita 1. A haƙa na biyu a gefensa, na juyi. Wanda zai haɗa da damina kada ya yi rami, ruwa zai kwanta a ciki. Ya tara tsibi a kan tudu.

Kayan iri uku ne. Akwai busassu: karan masara da na dawa, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye. Akwai ɗanyu: ciyawar fadama, ganyen dogon yaro, ɓawon kayan miya. Sai kashin dabbobi, na shanu, awaki, tumaki ko kaji. A daddatsa kara da adda kada ya wuce tsawon yatsa, in ba haka ba wata uku za su cika yana nan yadda aka zuba shi.

A fara shimfiɗa karan da ba a datsa ba a gindin rami domin iska. A kansa a zuba busassun kaya kaurin santimita 20, wato kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa. Sai ɗanyu santimita 10, sai kashin dabbobi santimita 5, sai toka cikin hannu biyu ko uku, sai a barbaɗa baƙar ƙasa kaɗan a sake yayyafa ruwa. Haka za a yi ta maimaitawa har ya ɗara bakin rami. A soka doguwar sanda a tsakiya har ƙasa, a rufe da ciyawa ko tsofaffin buhunan algarara. Kada a tattake shi. Toka kuma a yi hankali da ita, in ta yi yawa tana korar sinadarin da ke sa ganye kore, ya tashi a iska.

In sharar bola za a sa, a tsince leda, kwalba, gwangwani da tsohon batir. Batir yana da guba da ke zama a ƙasa. Kashin kare da na kyanwa ba sa shiga, haka ma wuta-wutar da ta yi fure, domin irinta yana iya shekara 15 a ƙasa bai mutu ba. Ita ƙonawa ake yi.

Sanda ce za ta gaya muku halin da ake ciki

Bayan kwana 3 ko 4 a zare sandar a taɓa. In da zafi da danshi, aiki ya kama. Zafin tsakiyar rami yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta.

In sandar ta fito da sanyi, ko dai ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbobi bai isa ba. In ta fito a bushe da farin abu kamar toka a jikinta, taki yana ƙonewa da ƙishi, a ba shi ruwa a juya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa ya toshe iska, maganinsa busasshen kara da juyi. Zarni mai hawa hanci kuwa kashin kaji ne ya yi yawa, a ƙara busassu. Don auna ruwa a damƙi taki a matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. In ya tsiyaya ya yi yawa, in ya warwatse da buɗe hannu ya yi kaɗan.

Bayan mako 3 a kwashe da shebur zuwa rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. A yi haka sau biyu ko uku. Nan ne mutane da yawa ke yin kasala, sai su tarar da tsakiya ya nuna gefe kuwa kara ne zalla.

Takin da ya nuna baƙi ne, ya huce, ba a gane abin da aka zuba, kuma zai ragu zuwa kamar rabi. Ɗanyen taki bai dace da gona ba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kara da bai ruɓe ba kuma yana jawo gara, yana sa masara ta yi rawaya domin halittun da ke cinsa suna ƙwace abincin shuka.

Kai shi gona

Al'adar jibge taki tsibi-tsibi a gona tun watan Maris rana tana dukansa asara ce, ƙarfinsa ke tafiya. A bar shi a rufe a inuwa sai an kusa huɗa. Rami ɗaya ba zai ishi kadada ba, don haka kada a watsa shi ko'ina. A zuba cikin hannu biyu a kowane ramin shuka a cakuɗa da ƙasa, ko a zuba a kwarin tsohuwar kunya a huɗe a kansa. A fara da ɓangaren da ya fi gajiya, baɗi a matsa gaba.

Gonar da ta lalace ba ta dawowa a damina ɗaya, a ba ta shekara 2 zuwa 3. Abin da ke hanzarta ta shi ne a daina cinna wa sauran kara wuta, a kuma riƙa sauya masara da waken soya, gyaɗa ko wake. Idan waken soya ya fara fure, ku tuge guda ɗaya ku fasa ƙulu-ƙulun da ke jikin saiwarsa da farce. In cikinsu ja-ja ne, suna jawo abinci daga iska suna ajiye wa gona. In fari ne ko kore, ba sa aiki, sai a nemi malamin gona a tambayi maganin da ake shafa wa iri kafin shuka.