Yadda za ka fara tara kan sarki masu hoton masallaci, coci da sauran alamun addini

In kana son fara tara kan sarki na addini a nan Kumasi, kar ka fara da kashe kuɗi, fara da akwatin tsofaffin gidanku. Kusan duk tsohon gida a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango za ka tarar da wani akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado, cike da wasiƙun da 'yan'uwa suka riƙa aikowa daga Jidda, Legas, Libiya, Jamus da Amurka tun zamanin da babu WhatsApp, sai dai a sa ɗan makaranta ya rubuta a kai gidan waya. Ka je da ladabi ka gaida mai akwatin, ka ce "Hajiya, don Allah ambulan ɗin kawai nake so, takardar ciki taki ce." Wasiƙa sirri ce, ka bari ita ta zare da hannunta, kar ka karanta.

Toh kafin ka taɓa ruwa ko almakashi, zauna ka duba kowane ambulan da kyau. In hatimin gidan waya ya fito raɗau, ana karanta Makka ko Madina da kwanan wata, wallahi kar ka cire kan sarkin, bar shi a jikin ambulan ɗinsa yadda yake. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi a duk maganar nan, sabida kan sarki mai hoton Ka'aba Saudiyya ta buga su da yawa a shekarun 1970, ko'ina za ka samu irinsa, amma ambulan da kakanka ya aiko daga aikin hajji, da rubutun hannunsa da akwatin gidan waya na Kumasi a gaba, guda ɗaya ne a duniya. Waɗanda suka yage ko hatimin ya dame, su ne na jiƙawa.

Jiƙawar ba wuya. Yanke takardar zagaye da kan sarkin ka bar ɗan fili, kar almakashi ya ci haƙoran gefen nan, don in haƙori ɗaya ya tafi darajarsa ta ragu. Zuba ruwa mai ɗan ɗumi a roba mai tsabta, ba mai zafi ba, ka saka su kaman minti goma zuwa sha biyar, za ka ga sun saki takardar da kansu, in bai saki ba ƙara masa lokaci kar ka ja. Masu jan ambulan ko kore ka jiƙa su daban sabida launin yana zuba ya ɓata sauran. Daga nan ka kife su a kan farar takarda, in sun sha iska ka sa su tsakanin takardu biyu ka ɗora littafi mai nauyi su kwana. Sabbin nan na Amurka masu gam kaman sitika yawanci ba sa fita da ruwa, ka gyara yankan kawai ka bar su a takardarsu.

Sai ganewa da rarrabawa, nan ne daɗin yake. Na Saudiyya za ka gan su da bishiyar dabino da takubba biyu. Poste Vaticane na fadar Paparoma ne, sun fara buga nasu a 1929. In ka ga babu sunan ƙasa sai ɗan kan sarauniya ko na sarki a kusurwa, na Ingila ne, su suka fara kan sarki a 1840 shi ya sa har yau ba sa rubuta sunansu. Namu na Gana kuma kuɗin da ke jiki zai faɗa maka zamaninsa, in ka ga harafin d na kwabo ko alamar sule to kafin a kawo sidi ne a 1965, in Np ne, wato sabon pesewa, to daga 1967 ne lokacin sabon sidi.

Ni a ganina ya fi kyau ka jera su bisa abin da suke nunawa, ba bisa ƙasa ba. Shafi ɗaya na Harami da masallacin Annabi (SAW), ɗaya na Ƙudus, ɗaya na rubutun larabci zalla. Wannan na rubutun shi ya fi burge ni. Daular Usmaniyya da ta fitar da kan sarkinta na farko a 1863 ba ta sa fuskar sarkinta Abdul'aziz ba, sai tambarin sa hannunsa a saman jinjirin wata, haka na Hijaz na 1916 zamanin Sharif Husaini, ba hoton mutum ko ɗaya, ado ne irin na ƙofofin masallaci da rubutu, aka buga a Alƙahira. Waɗannan ba lallai su faɗo hannunka da sauri ba, amma akwai mai sauƙin samu, na Idi da Amurka ta fitar ranar 1 ga Satumba 2001, rubutun zinare a kan shuɗi, hannun Mohamed Zakariya, duk mai ɗan'uwa a Bronx ya tambaya. Ka kuma nemi na shiga ƙarni na 15 na Hijira, ƙasashen musulmi da dama sun fitar wajen 1979 da 1980.

Kar ka tsallake na maƙwabtanmu kiristoci. Na Kirsimeti sun fi kowanne yawa, tun daga na Kanada mai taswirar duniya da aka rubuta XMAS 1898 a jiki, Gana ma ta sha fitar da nata. Sannan ga alamar Gye Nyame ta Asante, wadda ke nufin babu mai iko sai Allah, tana cikin jerin da Gana ta fitar a 1959, wannan kam ya cancanci shafinsa tunda a garinsu muke zaune muna ganinta har a kujerun roba.

Wasu kan sarkin suna ɗauke da aya ko sunan Allah. Irin waɗannan ka ba su shafin sama, kar a bar su a ƙasa ko hannun yara, ruwan da ka jiƙa su kuma ka zuba a gindin bishiya ko wuri mai tsarki, ba a kwata ba. Batun taɓa su ba alwala, malamin unguwarku ya fi ni sani, shi za ka tambaya.

Ajiya ita ce ke kashe wa mutane kaya a garin nan, damina biyu muke yi a shekara, danshi na shiga ko'ina, sai ka buɗe littafi ka ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa sun fito ko sun manne da juna. Kar ka kuskura ka sa salatif ko gam ko sitaci. Nemi littafi mai aljihunan leda, ka riƙa ɗaukarsu da ɗan hantsaki mai faɗin baki don hannu yana da maiƙo, ka tsayar da littafin a tsaye ba a kwance ba, nesa da bango da hasken rana. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a inda kake ajiya, kuma lokaci lokaci ka buɗe shafukan su sha iska.

In na gida sun ƙare, leƙa babban gidan waya na Adum ka tambayi abin da suke da shi, ka roƙi alhazan bana su biya gidan waya a Makka ko Madina su jefo maka kati, ka yi musaya da abokai kiristoci musamman bayan Disamba. Shekara da bayanin kowanne kuwa za ka samu a kundin kan sarki na Stanley Gibbons ko a shafin Colnect a intanet, ka rubuta da fensir a 'yar takarda ka saƙala gefensa, ƙasa, shekara, abin da ke jiki, da gidan wa ka samo shi.