Askar tiyata: inda aka fi yin kuskure da yadda za a gyara

Duk wanda ya daɗe a ɗakin tiyata ya san aska ba ta cika yankar ma'aikaci a lokacin da likita yake tsaga fata ba. A wannan lokacin kowa ya nutsu, ido na wuri ɗaya. Inda take cin mutum shi ne wajen ɗaura ta, wajen miƙa ta, da wajen kwance ta bayan an gama, sa'ad da gajiya ta zo kowa yana duban agogo. Da nan zan fara.

Askar da ake aiki da ita yau gida biyu ce: ƙota, da reza wadda ake sakawa a cire. Wani Ba'amurke, Morgan Parker, shi ya yi rajistar wannan tsari a 1915, shi ya sa har yanzu za ka ji ana kiran ƙotar da BP, wato Bard-Parker, kamfanin da suka kafa shi da Charles Bard. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi, har da wasu manya masu gadarar sabo, shi ne ɗaura reza da yatsu. Safar hannu ba sulke ba ce. Ka buɗe takardar daga gindin rezar, ka kama ta da hantsakin riƙe allurar ɗinki ta gefen da ba shi da kaifi, ka daidaita karkataccen gindinta da karkatar ƙota, sannan ka tura a hankali har ka ji ta ce ƙas. In ta ƙi zama, kada ka sa ƙarfi, lamba za ka duba. Reza mai lamba 10, 11, 12 da 15 tana hawa ƙota mai lamba 3 ko 7, daga 20 zuwa 24 kuwa sai ƙota mai lamba 4.

Cirewa ta fi ɗaurawa haɗari, domin yanzu akwai jinin wani a jikinta. Juya bakin ƙasa, nesa da kai da na kusa da kai, ɗaga gindin kaɗan da hantsaki, ka zame ta gaba. Kaɗan na ce. In ka ɗaga da yawa sai ta karye, guntun ya yi tsalle, ba ka san idon wa zai samu ba.

Sai miƙawa hannu da hannu. Likita idonsa na cikin ciwo, ya miƙo hannu bai duba ba, nas ta ɗora masa aska. Ranar da aka yi rashin sa'a, yatsa ne ke karɓa. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ajiye askar cikin tasar nan mai siffar ƙoda, a faɗa da baki cewa ga aska, likita ya ɗauka da kansa, in ya gama ya mayar cikin tasar. Kada a bar ta a kan zanen da aka lulluɓe majinyaci, kada kuma ta shige ƙarƙashin auduga.

Game da zaɓen reza, ba don ado aka bambanta lambobin ba. Lamba 11 mai tsini ce, ta huda maruru a fitar da mugunya, ba a kuma luma ta da zurfi. Lamba 15 ƙarama ce, ta aikin fuska da yatsu da ƙananan ƙari. Lamba 10 da 22 masu faɗin ciki su ne na doguwar tsaga. Ƙaramar ana riƙe ta kamar biro, babbar kuwa a cikin tafin hannu, manuniya a kan bayanta. Sabon hannu yakan yi yanka da tsini, yana ɗan karta yana komawa saboda tsoro, sai gefen fatar ya fito kamar an yage. A miƙe fatar da babban yatsa da manuniya na ɗaya hannun, a tsayar da kaifin daidai ba a kwance ba, a ja da cikin rezar sau ɗaya. Yankan da ya karkace ba ya haɗuwa da kyau wajen ɗinki, tabonsa ma ya fi muni. Tun 1861 Karl Langer, masanin jikin ɗan Adam a ƙasar Ostiriya, ya zana layukan da fata take ja ta kansu, kuma tsagar da ta bi su ta fi rufewa lafiya. In reza ta taɓa ƙashi ta dakushe ke nan, a sauya.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maimaita reza a ƙananan asibitoci da shagunan magani. A goge da sifirit, a ce ai ta yi tsabta. Ba kowace ƙwayar cuta sifirit yake kashewa ba, tafasawa ma ba ta kai matsayin da tiyata take buƙata ba. Reza ta mutum ɗaya ce, sau ɗaya. Ƙota ce ake wankewa a sa a tukunyar turara kayan aiki, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na minti 3 zuwa sama. Wanzamai ma wannan magana ta shafe su, musamman lokacin kaciyar yara da sanyi: kowane yaro da sabuwar rezarsa.

To in an yanke fa? Wasu su tsotse, wasu su zuba ruwan bilic, da yawa kuma su ɓoye don kunya ko tsoron faɗa. Duk kuskure ne. A cire safar, a wanke da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu ba tare da dirzawa ba, a rufe, a sanar da shugaban sashe nan take. Maganin kariya daga ƙwayar HIV ana so a fara shi cikin sa'o'in farko, kada ya wuce sa'a 72, ana kuma shan sa kwana 28. Mutane sun fi tsoron HIV, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin kamawa ta wannan hanya nesa ba kusa ba, ga shi yana da rigakafi, allura uku cikin wata shida. Ɗalibin da bai yi ba ya yi tun kafin ya fara shiga tiyata.

Kafin a rufe ciwo a ƙirga reza, yadda aka ƙirga da farko, karyayya kuma a haɗa guntayenta a tabbatar sun cika. Daga nan sai akwatin kayan tsini, ba kwandon shara ba, domin mai sharar da zai tattara ledar da asuba bai san abin da ke ciki ba. Akwatin in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kawo sabo, kada a danna da hannu don a samu wuri.