Masu kaɗa jita a gida: ku gwada amfilifayar kwamfuta

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wanda ke zaune a gidan haya a Nima ko Mamobi, unguwannin Accra, ya san ba a kunna amfilifaya bayan sallar isha'i, sai dai in kana neman rigima da mai gida. Manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya ta raba wannan gardama: jita, kwamfuta, abin saurare a kunne, shi ke nan.

Amma kar ku cusa wayar jita kai tsaye cikin ramin makirufo na kwamfuta, sautin zai fito siriri da ƙara. Ku nemi ƙaramin akwatin sauti na USB, irin Focusrite Scarlett Solo, ku cusa jitar a jikinsa, ku danna maɓallin INST, wato na kayan kiɗa. Manhaja kuwa akwai ta kyauta, Neural Amp Modeler ko Guitar Rig Player sun isa mai farawa.

Abin da ya fi korar mutane shi ne jinkiri: ka taɓa tsirkiya, sautin ya biyo baya. A Windows ku sa direban ASIO na akwatin, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, ku mai da bafa, saitin da ke ƙara ko rage jinkiri, zuwa 128. In sautin ya fara ɓarɓarwa, ku hau 256. Abin kunne na Bluetooth kuwa ku manta da shi, jinkirinsa ba ya gyaruwa.

In kun ji "zzzz", ku cire cajar kwamfutar ku saurara, sau da yawa ita ce. Ga wani daɗi kuma, ko dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo, batirin laftof zai riƙe akwatin.

Masu kiɗan hailaif, ku zaɓi samfurin amfilifayar Fender mai sauti garau, ku rage gen, wato ƙarfin sautin da ke shiga amfilifayar, sosai.