Idan an ce hatsi zai karye, ga abin da za ka duba

Yaran nan masu cinikin kirifto a waya "biyarish" suke cewa idan suna ganin farashi zai yi ƙasa, masu hannun jari kuwa sai kasuwa ta sauka da kashi 20 cikin ɗari daga inda ta kai suke yarda ta faɗi. Mu a kasuwar Tudun Hatsi, nan Gombe, cewa muke yi kaya za su karye. Hasashe ne, kuma hasashe kaɗai bai isa ya sa ka buɗe sito ba.

Fara da duba bakin da maganar ta fito. Dillalin da aka ba shi sautun masara tirela biyu dole ya ce maka gobe sai ta fi haka araha, la'adarsa yake nema. Ni na fi gaskata 'yan dako. Idan ka iske su da hantsi a zaune a inuwa, rigunansu ko ƙura babu, ba motar Kudu ko ɗaya da ke lodi, masu sayen masarar abincin kaji kuma sun daina kira, to maganar tana da tushe.

Sai ka tambayi kanka wace irin karyewa ce. Ta kaka kowa ya san ta: sabon amfani ya shigo a Oktoba da Nuwamba, farashi ya sauka, kafin tsakiyar damina ya sake ɗagawa. Wannan ba ta tayar mini da hankali. Wadda ke cinye jari ita ce mai zuwa daga sama. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 masu ajiya da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Har yau abin yana ci mini rai, don wasunsu kuɗin marayu ne a hannunsu.

Idan alamu sun haɗu, zauna da biro. Haɗa kuɗin saye, dako, hayar sito da magani, ka san nawa buhu ya tsaya maka. Wake za ka fara fitarwa, domin ƙwari ba sa jiran kasuwa ta gyaru. Gero ya fi haƙuri. Kada ka zubar da kaya rana ɗaya, raba su kashi uku, ka sayar da na farko yanzu. Duk buhun da ka saya da kuɗin bashi ko na amana, shi za ka sa a wannan kashin, ko da ribar ba ta wuce kuɗin dako ba.