Darasi na 9: Kuɗin Makarantar Yara a Legas

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin danfo ya tashi, abinci ma ya bi sahu. Kafin nan, a Yunin 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. 'Yan'uwanmu da yawa suka rasa abin yi. Idan hannu ya bushe, karatun yara ake fara taɓawa, kuma 'ya mace ake fara cirewa a ɗora mata farantin talla.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma dole ne. Ɗan Bahaushe da ke Agege, Idi-Araba ko Mile 12 yana da wannan haƙƙi daidai da ɗan Bayarabe. Kada jin nauyin Turanci ya hana ka zuwa. Ka ɗauki takardar haihuwar yaro, ka nemi maƙwabci mai jin Yarbanci ko Turanci ya raka ka wurin hedimasta.

Sai dai karatun ne kyauta. Yunifom, takalmi, jaka, littattafan rubutu da kuɗin tara duk a wuyan iyaye suke, ga kuɗin Laraba na makarantar allo. Abin da ke karya mutane shi ne yawancinsu suna faɗowa lokaci guda a watan Satumba, farkon shekarar karatu, wani lokaci ma tare da kuɗin haya.

Mu yi lissafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce yunifom naira 8,000, takalmi 6,000, jaka 5,000, littattafai 5,000. Jimla 24,000 ke nan. A rana ɗaya da nauyi. Amma daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Agusta kwana 120 ne da 'yan kai. Raba 24,000 gida 120, ka samu naira 200 a kullum. Mai turin baro ma zai iya jefa wannan a asusu. Mata masu adashi su roƙi uwar adashi ta sa kwasarsu a Agusta. Jaka da takalmi kuwa na gwanjo sun isa, sau da yawa ma sun fi sababbin ƙarko.

Duk kuɗin da aka ce ka biya a makaranta, ka tambayi na mene ne, ka karɓi rasit, ka karanta shi da kanka. Ai don irin wannan muke zuwa aji.

Aikin gida: rubuta sunayen yaranka da ajin kowannensu. Rubuta abin da kowane yaro ke bukata da farashinsa, ka haɗa jimla, ka raba ta gida 120. Kawo amsar ranar darasi mai zuwa.